Kason matar mamaci da dukiyar marayu: a hannun wa suke zama?

Shari'ar Musulunci ta ƙayyade wa matar mamaci da 'ya'yansa kasonsu na gado dalla-dalla, amma ba ta ɗora wa wani ɗan uwa riƙon dukiyar ƙananan yara kai tsaye ba. Wannan zaɓi ne da ta bar wa uba tun yana da rai, kuma magidanta da dama a arewacin Najeriya kan rasu ba su yi shi ba.

A galibin gidajen Hausawa ba a tayar da maganar gado sai an share makoki. Bayan sadakar uku, ko ta bakwai, wasu ma sai bayan arba'in, manyan gida kan zauna da wani malami ko kuma a je gaban alƙali, a lissafa abin da marigayi ya bari.

Shi kansa lissafin bai cika jawo gardama ba, domin kuwa aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i sun fayyace kason kowa, kuma littattafan mazhabar Malikiyya da kotunan arewa ke aiki da su, irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, sun yi bayanin sauran. Inda ake samun tangarɗa shi ne abin da ke biyo bayan rabon. An ce yaro ɗan shekara 6 kasonsa naira miliyan 2 ne. To wa zai riƙe masa, har tsawon wane lokaci, kuma wa zai tambayi mai riƙon yadda ya yi da ita?

Abin da ake fara cirewa

Kafin a kai ga magada, akwai haƙƙoƙin da ke gaba da su. Ana fara warware abin da aka ba da jingina, sannan kuɗin likkafani da jana'iza, sannan basussuka, sannan wasiyya idan akwai, wadda ba za ta wuce sulusi ba, wato kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya rage shi ne gado.

A nan akwai abin da ya shafi matar mamaci wanda sau da yawa kunya ke hana ta faɗa. Idan akwai ragowar sadakinta da ba a biya ba, bashi ne, kuma ana biyanta kafin rabo. Haka nan kuɗin da ta ranta masa ya ƙara a jari ko ya ƙarasa gini, da dabbobinta da ke cikin garkensa. Duk waɗannan ba su cikin gado, amma fa sai ta kawo shaida. Dangane da kayan cikin gida kuwa, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a al'ada ana bar mata bayan ta yi rantsuwa.

A lokacin takaba, wato wata huɗu da kwana goma, ba ta da ciyarwa daga cikin dukiyar mamacin a matsayin matarsa, domin dukiyar ta riga ta zama ta magada, sai dai ta ci daga nata kason. Amma tana da haƙƙin zama a gidan har ta gama takaba, muddin gidan nasa ne ko kuma ya riga ya biya kuɗin hayar. Idan kuwa tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabon baki ɗaya har sai ta haihu.

Yadda lissafin ke fita

Ɗauki misalin magidancin da ya rasu ya bar naira miliyan 24 bayan an biya bashi, da mata biyu, da mahaifi da mahaifiya, da 'ya'ya maza huɗu da mata biyar. Matan nasa za su raba tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Mahaifinsa zai sami sudusi, miliyan 4, mahaifiyarsa ita ma miliyan 4. Sauran miliyan 13 na 'ya'ya ne, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan ɗaya. 'Yan uwan mamacin ba su da ko kwabo.

A ce ɗaya daga cikin matan tana da ƙananan yara uku, namiji ɗaya da mata biyu. Jimillar abin da ya faɗo ɗakinta ya kai miliyan biyar da rabi, amma miliyan ɗaya da rabi ne kawai nata. Sauran miliyan 4 na yaran ne, kuma kasancewarta mahaifiyarsu bai ba ta ikon juya su ba, kamar yadda za a gani nan gaba.

Lamarin kan fi tsanani a gidan da babu ɗa namiji. Mutum ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata uku, iyayensa sun riga shi rasuwa, yana da ƙane shaƙiƙi. Cikin kashi 24, matar na da 3, 'ya'yan na da 16, ƙanen kuma zai ɗauki sauran 5 a matsayin asaba. Idan duk abin da aka bari gida ne guda ɗaya, kamar yadda yake ga yawancin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, to ƙanen ya zama mai haƙƙi a cikin gidan da marayun ke kwana. In ya nemi a fitar masa da kasonsa alhali gidan ba ya rabuwa, mai yiwuwa a kai ga sayarwa.

Wa ke da ikon riƙewa?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar uba ya rasu, riƙon dukiyar 'ya'yansa ya koma hannun baffansu, ko babban wansu, ko kakansu. Al'ada ce ta shimfiɗa haka. A fiƙihun Malikiyya masu ikon kula da dukiyar yaro uku ne, bi da bi: uba, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙalin ya wakilta. Baffa ba ya cikin jerin, kaka ba ya ciki, ita ma uwa ba ta ciki, sai idan uban ne ya naɗa ɗayansu ko kuma kotu ta naɗa.

Ya kamata a bambanta wannan da riƙon yaron kansa. Reno da tarbiyya haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon kan koma wurin kakar yaran ta wajen uwa. Ke nan ana iya samun yara suna hannun mahaifiyarsu a Zariya, dukiyarsu kuma tana hannun wani a Kano, kullum sai an yi aike kafin a biya kuɗin makaranta.

Akwai kuma wani hukuncin da ke ƙara wa lamarin nauyi. A mazhabar Malikiyya ciyarwar da kotu ke iya tilastawa ba ta da faɗi: miji ga matarsa, uba ga 'ya'yansa, 'ya'ya ga iyayensu mabuƙata. Baffa ko kawu da ya ɗauki nauyin marayu ya yi zumunci kuma yana da lada, amma ba a tilasta masa, saɓanin mazhabobin Hanafiyya da Hambaliyya waɗanda suka faɗaɗa wajibcin zuwa ga wasu dangi. Ma'ana, ci da sha da karatu da maganin maraya daga dukiyarsa suke fita. Idan ta salwanta, babu wanda shari'a za ta kama ta ce lallai ya ciyar da shi.

Saboda haka ne malaman fiƙihu suka ba da muhimmanci ga naɗa wasiyyi. Sharuɗɗansa su ne ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, wanda zai iya aikin. Ba a shardanta ya zama namiji ba. Magidanci na da damar ya naɗa matarsa ta zama wasiyyiyar 'ya'yanta, ko ya haɗa ta da wani amintacce su yi tare, ko ya naɗa mutum ɗaya ya sa wani ya riƙa duba shi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, babu abin da ya hana a naɗa wa kowane ɗaki nasa. Duk wanda ya san yadda zaman 'yan uba ke kasancewa bayan babu maigida ba zai raina wannan dama ba.

Naɗin ba ya buƙatar dukiya mai yawa ko wani dogon tsari. Magana ce da za a yi gaban shaidu biyu adalai, kuma rubuta ta ya fi. Abin da ke hana mutane dai sananne ne: ana ganin kamar kiran mutuwa ne, ko kuma nuna rashin yarda da 'yan uwa. Amma sakamakon shirun shi ne dukiyar kan faɗa hannun wanda ya fi kowa baki a taron dangi, ba tare da takarda ba, ba tare da wa'adi ba.

Idan uba bai naɗa kowa ba, ƙofar da ta rage ita ce kotu. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin Najeriya na shekara ta 1999 ya ambaci gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da kuma al'amuran ƙananan yara Musulmi a cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ke da hurumi a kansu, bayan ƙananan kotuna sun yanke hukunci. Uwar marayu na da ikon zuwa kotu ta nemi a naɗa ta, ko a naɗa wani, ko a sauke wanda ya ci amana. Sai dai iyalai da dama na gudun kotu, wasu saboda tsoron kashe kuɗi, tun daga zamanin da ake karɓar ushira a kan gadon da alƙali ya raba, wasu kuma don kada a ce mace ta kai dangin mijinta ƙara.

Iyakar wasiyya

Tambayar da magidanta kan yi ita ce: tunda tumunin takaba bai taka kara ya karya ba, me zai hana in rubuta wa matata gida a cikin wasiyya?

Amsar ita ce akwai shinge biyu. Na farko, wasiyya ba ta wuce sulusi, bisa hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya hana shi bayar da fiye da haka, ya kuma nuna masa fifikon barin magada cikin wadata a kan barinsu suna roƙo. Na biyu, ba a yi wa magaji wasiyya, sai idan sauran magada sun amince bayan rasuwar, kuma ƙaramin yaro ba shi da ikon amincewa, haka ma mai riƙonsa ba zai yafe a madadinsa ba.

An gwada kauce wa wannan ta hanyar dokokin boko. A shekara ta 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da ta fifita wasu magada a kan wasu, bisa hujjar cewa an yi ta ne a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837. Hukuncin ya jawo suka daga masana shari'ar Musulunci, kuma daga baya wasu jihohi suka yi nasu dokokin. A shekara ta 2007, a shari'ar Ajibaiye, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ilorin ta soke irin wannan wasiyya, domin dokar jihar Kwara ta keɓe wanda shari'ar Musulunci ke hawa kansa har zuwa rasuwarsa.

Duk da haka sulusin na da amfani ga waɗanda gado bai kai gare su ba: agola, ɗan riƙo, da kuma jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa, wanda baffanninsa ke shamakance shi. Masar ta mayar da wasiyya ga irin wannan jika tilas a dokarta ta 1946, wasu ƙasashen Larabawa suka bi sahu. A Najeriya ba a yi haka ba, saboda haka idan kakan bai rubuta ba, jikan ya tashi a tutar babu.

Kyauta da hubusi

Hanyar da ta rage ga mai son ya ƙara wa matarsa ko wani ɗansa mai rauni ita ce kyauta tun yana da ƙoshin lafiya. Amma a nan ne aka fi yin kuskure, saboda sharaɗin hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. A cikin Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo labarin Sayyidina Abubakar, wanda ya ba 'yarsa Nana A'isha kyautar wani adadi na dabino daga gonarsa, ba ta kai ga karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya shaida mata cewa yanzu ya zama na magada.

Hukuncin da ya fi shafar ma'aurata shi ne na gidan zama. Idan miji ya ce wa matarsa ya ba ta gidan da suke ciki, amma ya ci gaba da zama a cikinsa har ya rasu, Malikiyya ba su ɗauki wannan a matsayin hauzi ba, kyautar ta ɓaci, gidan ya koma gado. Dalili kuwa shi ne tanadin muhalli wajibinsa ne, saboda haka zamanta a ciki bai nuna cewa gidan ya fita daga hannunsa ba. Haka abin yake ga uban da ya ba ƙaramin ɗansa gidan da shi uban ke zaune a ciki. Malaman mazhabar sun yi maganar ya fita daga gidan na tsawon shekara guda. Mafi sauƙi shi ne kyautar ta zama wani abu dabam, fili ko shago ko gidan haya, a kafa shaidu, a sauya sunan da ke kan takardun mallaka, kuɗin haya kuma ya riƙa shiga hannunta.

Ga 'ya'ya kuwa akwai gargaɗin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan fifita ɗa guda da kyauta. Kyautar da aka yi da nufin toshe wa wasu magada hanya kan haifar da gabar da ta fi dukiyar daɗewa.

Sai kuma hubusi, ko waƙafi, wanda asalinsa ke komawa ga gonar Sayyidina Umar ta Haibara. Mutum na iya tsayar da gida ko gona ya ce ba a sayarwa, ba a gada, amfanin ne kawai zai riƙa zuwa ga iyalinsa. Malikiyya sun yarda a yi shi na wani ƙayyadajjen lokaci, misali har ƙaramin yaro ya girma, sun kuma shardanta hauzi kamar kyauta. Halil ya ɓata hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata. A arewa an fi sanin waƙafi a kan masallatai da makarantu da rijiyoyi, ko da yake jihohi irin su Kano da Zamfara da Sakkwato na da hukumomin zakka da waƙafi.

Banki da fansho

Dukiyar ma'aikacin yau ba a rumbu take ba, tana asusun banki ne da na fansho da hannun jari. A takardun buɗe asusu akwai gurbin da ake rubuta sunan makusanci, wanda a Hausa mutane ke kira "magaji". Wannan fassara ta yi ɓarna ba kaɗan ba. Wanda aka rubuta a wurin mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, ba shi ne mai kuɗin ba, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu.

Dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta tanadi cewa ana sakin abin da ke asusun fanshon mamaci ne bayan an gabatar da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado. Ta kuma wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalai da yawa ba su ma san da wannan haƙƙi ba, kuma jihohi da dama na da nasu tsarin fansho dabam.

Haka nan akwai asusun da iyali ba su san da shi ba sam. A shekara ta 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar cewa kuɗin asusun da ya shekara goma ba a taɓa shi ba za a mayar da su wani asusu na musamman a wurinsa. Magada na iya nema a ba su, amma sai sun san da shi tukuna. Takarda guda da ke ɗauke da sunayen bankuna, da waɗanda ake bi da masu bin bashi, da inda takardun fili suke, ta isa ta rage wa mai takaba zirga-zirgar shekaru.

Amanar da ba ta ajiya kawai ba

Ko an dace da wasiyyi mai gaskiya, aikinsa bai tsaya ga kulle kuɗi ba. A Malikiyya ana fitar da zakka daga dukiyar maraya, kuma Muwaɗɗa ta kawo umarnin Sayyidina Umar na a riƙa juya ta a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. A yau abin da ke cinye ta ya fi zakka sauri. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, kuma dalar da ake canzarwa a hukumance a kan kimanin naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Wanda ya ajiye wa maraya miliyan 2 a wancan lokacin bai taɓa ko sisi ba, ya mayar masa da adadin, amma bai mayar masa da darajar ba.

Fiƙihu ya ba wasiyyi damar ya ba amintaccen ɗan kasuwa dukiyar a raba riba, ko ya sayi kadara da ita. Yanzu kuma akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun bayan da Jaiz ya fara aiki a 2012, da takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, da kamfanonin riƙon amana masu rajista, ko da yake waɗannan na karɓar ladan aiki kuma sun fi dacewa da dukiya mai kauri.

A ɗaya ɓangaren kuma an ɗaure hannunsa. Ba ya sayar da gida ko gonar maraya sai da dalili karɓaɓɓe, kamar buƙatar ciyarwa ko biyan bashi. An ƙi ya saya wa kansa wani abu daga cikin dukiyar, idan kuma ya saya, alƙali na da ikon ya duba cinikin. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarci mawadaci ya kame, ta yarje wa matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani. Bayan ya karɓi amanar kuma uban ya rasu, ba shi da damar ya janye haka kawai.

Ranar miƙa dukiyar ma tana da ƙa'ida. Balaga kaɗai ba ta isa ba, sai an jarraba yaron an ga ya iya riƙon kuɗi, kuma ayar ta ce a kafa shaidu lokacin miƙawa. Malikiyya sun ɗauki wannan da muhimmanci: ana karɓar maganar wasiyyi tare da rantsuwa a kan abin da ya kashe wa marayan da ke hannunsa, matuƙar adadin bai saɓa wa hankali ba, amma idan ya ce ya riga ya miƙa dukiyar, marayan kuma ya musanta, ba a karɓar maganarsa sai ya kawo shaidu, ko da shekaru sun shuɗe.